Hukuncin Tururuwa

Jabir yana tumbuɗi. In ya sha nono ya ƙoshi sai ya yi miƙa, ya murtuke fuska, ya dawo da kamar cikin cokali a kafaɗar uwarsa, sannan barci ya ɗauke shi. Wani lokaci da la'asar iska kan riƙe masa ciki, ya yi ta kuka yana naɗe ƙafafu har sai ya yi gyatsa. Ban da wannan ba abin da ke damunsa. Wuyansa ya fara ninki, zaren da aka ɗaura masa a hannu ranar suna har ya fara matse shi.

Uwarsa Sadiƙa ta lura cewa in ta tsayar da shi a ƙirjinta bayan ya sha, tana shafa masa baya, abin da yake dawowa da shi ba ya kai rabin na da. Ba ta gaya wa kowa ba. Jabir ɗan fari ne, kuma mace mai kunya ba ta nuna ta san halin ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambayi lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai wani ya amsa. Da lokacin zaman lafiya ne, da tana gidan iyayenta a Gatawa tana wankan jego, uwarta na magana a madadinta. Amma iyayenta sun tsallaka Nijar tun harin da ya tashi unguwarsu, dangin mijinta kuma suka bar gonakinsu suka kama ɗaki biyu a wani gida bayan kasuwar Sabon Birni. A nan ta haihu, a hannun uwar mijinta, Inna Mairama.

Ba wanda zai kira Inna Mairama muguwa. Ita ke bin gidaje neman kara da itacen dafa ruwan wanka, a garin da ba mai iya shiga daji. Ita ke dama kunun kanwa, ita ke wanke tsummokaran jariri. Wata safiya tana riƙe da Jabir ya yi mata tumbuɗi a cinya. Ta lakato da yatsa, ta duba gudajinsa, ta kai hanci. Ta ce yana tsami. Ta ce ta goyi 'ya'ya tara, ta binne huɗu, ta san warin da ba na lafiya ba. Kafin hantsi ta aika a kira Gwaggo Fadima, tsohuwar unguwar zomar ƙauyensu da suka yi gudun hijira tare.

Gwaggo Fadima ta zo da ludayi a cikin zanenta. Ta sa Sadiƙa ta tatsa nono a ciki, ta je gindin katanga ta tsinto tururuwa, ta jefa. Matan gidan suka zagayo suna kallo. Ka'idar sananniya ce: in tururuwa ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau, in ta mutu a ciki, mugu ne. Tururuwar ta yi ta kai-komo a tsakiyar ludayin, maiƙon nonon ya riƙe mata ƙafafu, ta kusa kai gefe sai hannun tsohuwar ya ɗan girgiza, nonon ya rufe ta. Aka jira. Ba ta sake motsi ba.

"Kin gani da idonki, ɗiyata," in ji Gwaggo Fadima. "Ba mu munka ce ba. Wanga nono shi ka cin yaron."

Aka yanke cewa za a ɗauke Jabir daga nono har sai an wanke nonon da magani an sake gwadawa. Ba a tambayi Sadiƙa ba. Inna Mairama ta goya yaron ta shige ɗakinta da shi.

Abincinsa ya koma nonon akuyar maƙwabta da aka sirka da ruwan rijiya, sai jiƙon saiwoyi da 'yar kanwa don ya kori iskar ciki. Jabir ya ƙi cokali, sai aka koma ɗura. Inna Mairama takan miƙe ƙafafu ta kwantar da shi a kai, ta kafa tafin hannunta a bakinsa, ta zuba, ta toshe masa hanci har sai ya haɗiye. Yakan shaƙe, ya yi tari, ya yi ja, wani ya fito ta hanci. Daga inda Sadiƙa ke zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ganin tafin ƙafafunsa suna harbin iska. Rigarta takan jiƙe nan take. Sai ta ja mayafi ta rufe ƙirji don kada a ce ba ta da kunya.

Mijinta Talha ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar mutane tsakanin Sabon Birni da Isa a ranakun da hanya ta yi sauƙi. Da ya dawo da yamma ta kai masa ruwa, ta jira ya ci abinci, sannan ta ce masa ɗan Inna, don haka take kiran Jabir, bai saba da nonon akuya ba, kuma da can ba ya rama. Talha ya ce shi ba ya shiga sha'anin mata. Ya ce da wannan dabarar aka raine shi, ga shi kuma da ransa. Ya ce kwana nawa ne, ta yi haƙuri a gama wankin nonon.

Wankin nonon shi ne wani garin magani da ake kwaɓawa a shafa mata safe da yamma, da wani mai ɗaci da take sha a kunu. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri kamar dutse, ya ɗauki zafi, har ɗaga hannu ya gagare ta. Zazzaɓi ya rufe ta. Gwaggo Fadima ta ce wannan dafin ne ke fita, alama ce mai kyau. Sadiƙa takan shiga makewayi ta tatse a ƙasa, ta tsaya tana kallon yadda ƙasa ke shanye shi.

Tumbuɗin Jabir bai tsaya ba, sai dai ya canza. Da cikin cokali ne, yanzu amai ne mai tsalle da ke jiƙa zane. Gudawa ta biyo baya, kore-kore, mai ƙarni. Cikinsa ya kumbura yana sheƙi, sauran jikin kuma ya fara saki. Inna Mairama ta ce ragowar mugun nonon ne da ya taru a cikinsa, sai ya fita duka kafin a ga sauƙi. Ta ƙara yawan jiƙon.

Da aka zo gwaji na biyu, tururuwar ta yi iyo ta haura gefen ludayi ta sauka a yatsan Gwaggo Fadima. Sadiƙa ta ɗago kai. Tsohuwar ta duba tururuwar da kyau, ta ce wannan babba ce, irin mai ƙarfi, ba da ita ake gwaji ba. Ta je ta zaɓo ƙarama. Ƙaramar ta mutu.

Washegari da rana, gidan ya yi tsit, Sadiƙa ta ɗebi kaɗan daga nonon akuyar da aka ajiye wa Jabir, ta zuba a murfin kwano, ta jefa tururuwa uku. Biyu suka mutu a ciki. Ta ɓoye murfin a ƙarƙashin gado har Talha ya dawo, ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ta abin da take so ya yi da wannan. Ta ce ya nuna wa Inna.

"In tahi in ce ma uwata ta yi ƙarya?" ya ce. "Matar da ta baro ɗakinta da rumbunta, ba ta da kowa nan sai ni? Ke ba ki ga yadda take wahala da yaron ga ba? Kada ki haɗa ni da Inna, Sadiƙa."

Ya zubar da nonon a tsakar gida, ya mayar mata da murfin. Ranar kasuwar Isa ya dawo da wata 'yar kwalba daga kantin magani, ya ce mai kantin ya tabbatar masa ita ce ta kumburin cikin jarirai. Ya miƙa wa uwarsa a gaban kowa. Inna Mairama ta sa masa albarka, ta haɗa ruwan kwalbar da jiƙon ta ɗura.

Wata rana aka yi shelar rabon hatsi ga 'yan gudun hijira a wata makaranta, kuma sai wanda aka rubuta sunansa ya je da kansa. Inna Mairama ta kwantar da Jabir a gadonta ta ja ƙofa, ta ce yanzu za ta dawo. Sadiƙa ta jira har ƙarar takalmanta ta ɓace. Ta wanke ƙirjinta da ruwan buta, ta shiga ɗakin da ba ta taɓa shiga ba sai da sallama, ta ɗauki ɗanta. Ya yi sauƙi a hannu kamar ƙwaryar da ba komai a ciki. Ya kama nono da ƙarfin da ba ta zaci yana da shi ba, yana sha yana shessheƙa, hannunsa ɗaya riƙe da bakin rigarta. Ta so ta tsayar da shi a ƙirji ya yi gyatsa, sai ta ji muryar mata a zaure. Ta mayar da shi kwance da sauri ta fita.

Rabon bai yiwu ba a ranar, an ce a dawo gobe. Inna Mairama ta tarar da farin tumbuɗi a kan shimfiɗarta, yaron kuma yana barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ta shinshina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta fito tsakar gida da zanen a hannu ta nuna wa matan gidan ɗaya bayan ɗaya, ta ce su zama shaida: ita tana kashe kanta tana fitar da dafi, wata tana bin bayanta tana mayarwa. Ta ce duk abin da ya sami yaron nan daga yau, an san inda ya fito.

Matan suka yi ta mamaki. Wata ta ce 'yan matan yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba. Wata ta ce son zuciya ne, nonon ya dame ta shi ya sa ta sauke wa yaro. Talha ya ƙi cin abincin Sadiƙa a ranar. Daga nan Gwaggo Fadima ta kawo garin maɗaci, irin wanda ake shafa wa mai yaye, aka riƙa shafa wa Sadiƙa a kan nono kullum bayan wanka, Inna Mairama na tsaye. In Inna za ta fita ko nan da ƙofar gida, da Jabir a bayanta take fita.

Zafin ƙirjin ya ragu a hankali. Rigarta ta daina jiƙewa. In ta shiga makewayi ta matsa, sai ɗigo kaɗan. Ta gane abin da ke faruwa, ta riƙa matsawa da ƙarfi har fatar ta yi tabo, tana shan ruwa kofi bayan kofi ko zai dawo.

Maɗigar Jabir ta faɗa. Aka kwaɓa magani aka manna masa a tsakar ka. Idanunsa suka zurma, fatar cikinsa in an ja ta sai ta tsaya a tattare. Numfashinsa ya koma gajere, da wata ƙara a ƙirji tun wata ɗura da ta bi masa ta wata hanya. Gwaggo Fadima ta ce a kira wanzami ya yi masa 'yan tsage a ciki iskar ta fita, aka kira, aka yi. Bai yi wani kuka sosai ba. Inna Mairama ta ce ga shi nan, har ya fara samun natsuwa.

Shirun ne ya tsorata Talha. Ya shigo cin abincin rana ya tarar ana ɗura, nonon akuyar na gangarowa ta gefen baki, yaron ko tari bai yi ba. Ya ce a tashi a je asibiti. Uwarsa ta ce asibiti ba su san ciwon nono ba, amma tunda shi ne uban ɗa, ba za ta hana ba, kada gobe a ce ita ce. Ita ta hau bayan babur da Jabir. Sadiƙa ta bi su a ƙafa.

Ɗakin yara cike yake, uwa biyu a gado ɗaya, mafi yawansu daga ƙauyukan da aka tasa. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ta ɗora Jabir a ma'auni, ta buɗe masa ido, ta ga tsagen ciki da maganin da ke tsakar kansa, ba ta nuna mamaki ba. Ta tambayi wace ce uwar. Inna Mairama ta nuna Sadiƙa da haɓa, ta ci gaba da bayani da kanta, tun daga tumbuɗin har zuwa tururuwa.

Ma'aikaciyar ta saurara tana neman jijiya a hannun yaron. Ta ce tumbuɗi ba ciwo ba ne. Ta ce yawancin jarirai suna yi, saboda bakin cikinsu bai gama ƙwari ba, in dai yaro yana ƙiba sai a riƙa ɗaga shi ya yi gyatsa, da kansa zai bari. Ta ce ba ta taɓa ganin nonon uwa da ya kashe ɗa ba, amma na akuya da ɗura tana ganin aikinsu kowane mako. Ta faɗi wannan a gajiye, kamar wadda ta faɗa sau da yawa a ranar. Sannan ta juya ga Sadiƙa.

"Je ki wanke abin da aka shafa miki a nono, ki zo ki ba shi."

Sadiƙa ta wanke a famfon baranda ta dawo. A karon farko ta zauna a gaban uwar mijinta ta buɗe ƙirji ta sa ɗanta. Bakinsa ya taɓa nonon bai kama ba. Ta matsa, ɗigo ɗaya ya fito ya tsaya a leɓensa. Ma'aikaciyar ta sa hannu ta matsa ita ma, ba a sami abin kirki ba. Ta ce nono yakan dawo in yaro yana tsotsa, a ci gaba da gwadawa. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka zura masa siririyar roba ta hanci.

Sadiƙa ta ci gaba da gwadawa. Ta tsayar da shi a ƙirjinta tana shafa masa baya, ba wanda ya hana ta. A baranda tana jiyo muryar Inna Mairama tana gaya wa wasu mata cewa ko malamar asibiti ta matsa da hannunta ba abin da ya fito, nonon da ke da lafiya ai ba ya ƙafewa haka. Washegari bayan azahar Jabir ya rasu.

Aka kai shi kafin la'asar, a naɗe cikin ɗan ƙyalle, Talha ya ɗauke shi a hannu. Zaman gaisuwa bai yi tsawo ba, jariri ne. Mata suka shigo suna yi wa Inna Mairama ta'aziyya, don ita aka ga tana wahala da shi. Sadiƙa kuwa suka ce mata ta yi haƙuri, yarinya ce, wani na tafe. Ba a sa ran ganin hawayenta a kan ɗan fari, ba a kuma gani ba.

Kowa ya sami abin faɗa. Gwaggo Fadima ta ce tun tana budurwa take wannan gwaji, bai taɓa yi mata ƙarya ba, an dai makara ne wajen kiranta. Talha ya gaya wa abokansa a zaure cewa ba abin da bai yi ba, ya sayo magani tun daga Isa, ya kai asibiti da kansa. Dattijon da ya yi addu'a ya ce kwana ne ya ƙare, wanda ya tsaya bincike yana jayayya da hukuncin Allah. Matan gidan suka tuna wa juna cewa yaron ya fara samun sauƙi kafin ranar rabon hatsi. Maganar ma'aikaciyar jinya mutum uku ne suka ji ta, kuma ba wanda ya maimaita.

Labarin ya bi unguwa. Wata mai jego a gidan da ke kallon nasu, wadda da takan miƙo wa Sadiƙa 'yarta ta riƙe mata, ta daina. In Sadiƙa ta je ɗiban ruwa, masu goyo sukan gyara zani su ba ta hanya.

Ba ta cika arba'in ba, saboda haka wanka bai tsaya ba. Inna Mairama ta ci gaba da nemo itace tana dafa ruwa. Wata yamma bayan wanka ta shigo ɗakin Sadiƙa da kanta, abin da ba ta saba yi ba, ta zauna a bakin gado. Ta rame ita ma, idanunta sun yi ja. Ta ce ta yafe mata abin da ta yi ranar nan, ƙuruciya ce da rashin uwa a kusa. Ta ce kada ta sa damuwa a ranta, ba ita ta halicci nononta ba, kuma ba wanda zai kore ta daga gidan nan a kan wannan muddin tana raye. Talha na tsaye a bakin ƙofa yana saurare.

"Yanzu dai mun san ciwon," in ji Inna Mairama, ta dafa mata gwiwa. "In Allah ya kawo wani, ba mu bari ko ɗanɗana shi ya yi. Daga ranar da anka yanke cibi ni za ni ɗauke shi. Ke dai ki haihu, sauran aikin nawa na."

Talha ya ce Allah ya saka wa Inna da alheri. Suka jira Sadiƙa ta ce amin.

Shekarunta goma sha tara. Matan gidansu masu yawan haihuwa ne.